Babi na Biyar: Iskar Cikin Inji da Iskar Kan Gona

A shekarar 1983 wani matashi ɗan Zariya, Abubakar Sani Sambo, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Sussex da ke kudancin Ingila. Shekara huɗu kafin nan ya fito da daraja ta ɗaya a fannin injiniyan injuna daga Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ya duƙufa a kai, da za a faɗa wa mai awon hatsi a kasuwar Kankia, ƙila dariya za ta kama shi: yadda iska ke kai da komo a ɗan tsukin da ke tsakanin faifan ƙarfe biyu, ɗaya na juyawa, ɗaya na tsaye. A ce mutum ya bar gida, ya haye teku, ya sha sanyin Turai, don kawai ya leƙa tsakanin faifai biyu!

Amma ƙa'idojin da ke mulkin iskar wannan tsuki su ne ke mulkin iskar da ke yaye rufin kwano a Kusada, da wadda ke binne tsiron gero da rairayi, da wadda aka kafa wa manyan farfelu a Lambar Rimi. Wannan babi zai bi sawun wannan ilimi daga cikin injin jirgin sama har zuwa gonakinmu, mu ga inda ya iso, mu ga kuma inda ya tsaya.

Tsukin da ke tsakanin faifai biyu

Injin jirgin sama na zamani zuƙo iska yake yi ta gaba, ya matse ta, ya fesa mata kananzir, ya cinna wuta. Hucin da ya fito sai ya bugi wasu ƙananan fuka-fukai da ke jere a bakin wani faifai mai kauri, ya juya shi sau dubbai a minti ɗaya. Zafin wannan huci yakan wuce digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyos, wato ya fi ƙarfin ƙarfen da yake bugu. Abin da ke hana injin narkewa shi ne iska mai ɗan sanyi da ake yankowa daga gaba, a bi da ita ta jikin faifan. In aka yi rowarta, hucin ya kutsa cikin tsukin da ke tsakanin faifan da bangon injin, ƙarfe ya yi laushi, rayuka su shiga haɗari. In kuma aka yi almubazzaranci da ita, an matse iska a banza, an ƙona mai a banza. Sanin daidai gwargwadon da ake bukata ya dogara ne ga sanin yadda iskar ke tafiya a cikin tsukin. Shi ya sa kamfanin Rolls-Royce ya daɗe yana hulɗa da cibiyar binciken da Farfesa Fred Bayley ya kafa a Sussex, inda Sambo ya tarar da masana irin su Michael Owen suna wannan aiki.

Tushen maganar yana hannun wani Bajamushe, Ludwig Prandtl, wanda a 1904 ya bayyana wa wani taron masana lissafi a garin Heidelberg abin da ya sauya fannin gaba ɗaya. Iska ko ruwa, in suna gudu a jikin wani abu, ɓangaren da ke taɓa jikin ba ya zamewa, manne yake. Daga nan gudun ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ya kai cikakken ƙarfinsa. Wannan siririyar shimfiɗa ta gefe, wadda a fiffiken jirgi kaurinta bai wuce 'yan santimita ba, a cikinta ake yanke hukuncin komai: ko fiffike ya ɗaga jirgi ko ya gaza, ko inji ya huce ko ya ƙone.

A jikin faifai mai juyawa, iskar da ke manne da shi juyawa take yi tare da shi, sai a wurgar da ita waje. Theodore von Kármán ya yi lissafin wannan tun 1921. To, idan aka sa wani faifai a tsaye kusa da mai juyawar fa? A nan manya biyu suka saɓa. George Batchelor ya ce a 1951 iskar da ke tsakiya za ta riƙa juyawa a dunƙule, da gudun da bai kai na faifan ba. Keith Stewartson ya ce a 1953 sam, iskar tsakiya ba za ta juya ba. An yi shekaru ana tafka wannan muhawara kafin ta bayyana cewa kowa da gaskiyarsa: in bakin tsukin a rufe yake, maganar Batchelor ce ke aiki, iskar tsakiya na juyawa da kusan kashi 40 cikin 100 na gudun faifan, in a buɗe yake, ko ana tura iska mai yawa ta ciki, sai maganar Stewartson ta yi rinjaye.

A rufaffen tsuki, iskar da faifai mai juyawa ya wurgar waje ba ta da wurin zuwa, sai ta biyo jikin na tsayen ta dawo tsakiya, a sake wurgar da ita. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya ga rabin wannan abu da idonsa: a juya shayi da cokali a cire, ɗan ganyen da ya rage ba ya komawa gefe, tsakiyar gindin kofi yake taruwa, domin ruwan da ke kusa da gindin ciki yake gangarowa. Wannan zagaye na fita da dawowa shi Sambo ya bi da lissafi. Dokokin da ya yi aiki da su, waɗanda Navier ya fara rubutawa a 1822, Stokes ya kammala a 1845, gajeru ne a takarda, amma har yau ba wanda ya warware su ɗungurungum. A shekarar 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa wata muhimmiyar tambaya a kansu. Dabarar masu bincike ita ce su yayyanka tsukin zuwa ƙananan gidaje a kan takarda, su sa kwamfuta ta yi ta lissafin kowane gida da maƙwabtansa har amsa ta daidaita. Da kwamfutocin farkon shekarun 1980, wannan aikin mai haƙuri ne.

Abin da gida ya nema

Sambo ya dawo ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano. Ƙasar da ya dawo cikinta ba ta ƙera injin jirgi, kuma ba wanda ke jiran a gaya masa yadda zai sanyaya faifan ƙarfe. Abin da ke gabanta shi ne itacen girki da ke ƙarewa, da tumatir da ke ruɓewa a bakin kasuwa, da ƙauyukan da ba su taɓa ganin fitilar lantarki ba. A 1989 ya zama daraktan Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma zama farfesa a 1991. An san cibiyar da murhu mai tsimin itace, da na'urar busar da amfanin gona da zafin rana, da tukunyar girki da hasken rana, da iskar gas daga kashin shanu.

Mai kallo daga nesa zai ce an bar babban ilimi an koma ƙarami. Ba haka ba ne. Murhu mai tsimin itace, asirinsa yadda iska ke shiga ta ƙasa, ta ciyar da wuta, hucin ya lashi gindin tukunya kafin ya fice. Na'urar busarwa kuwa, iska ce mai zafi ke tashi sama da kanta, tana jan wata a baya, tana ɗebe laimar da ke jikin barkono. Shimfiɗar gefen nan ta Prandtl tana nan a gindin tukunya kamar yadda take a jikin faifan Rolls-Royce.

Daga nan mulki ya kira shi. Ya shugabanci Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi daga 1995 zuwa 2004, ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Kaduna, sannan ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa daga 2005 zuwa 2012. A farkon zamansa a can hukumar ta fitar da babban tsarin makamashi mai sabuntawa na Nijeriya. Wannan hanya ce da masananmu da yawa suka bi. Da zarar mutum ya yi fice a ɗakin bincike, sai a miƙa masa kujera, domin hannun da ake da shi kaɗan ne. Ƙasa ta samu shugaba mai sanin abin da yake faɗa, amma teburin gwaji ya rasa mai shi, kuma ba kullum ake samun wanda zai gaje shi ba.

Farfelun Lambar Rimi

Wanda ya taso daga Kankia ya nufi Katsina, in ya wuce Charanchi ya doshi Lambar Rimi, zai hango dogayen sanduna a fili, kowace da farfela mai fiffike biyu. Guda 37 ne, kowace an yi ta don ta ba da kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. Tunanin ya faro ne lokacin da Umaru Musa 'Yar'adua ke gwamnan Katsina, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa aikin kafawa. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace wani injiniyan kamfanin a garin Rimi, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta. Aikin da aka sa ran gamawa cikin 'yan shekaru ya ja ya haura shekara goma.

Wannan ɓangaren labarin kowa ya ji shi a rediyo. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na iskar kanta.

Farfelar lantarki ba tura ta iska ke yi kamar yadda take tura ƙofa ba. Kowane fiffikenta an sassaƙa shi ne kamar na jirgi, iska ta bi ta bayansa da sauri, nauyinta ya ragu a can, sai a jawo shi gaba. Kuma ƙarfin da ke cikin iska ba ya hawa daidai da gudunta. In gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa takwas yake yi. Iskar da ke gudun mita 6 a daƙiƙa ta fi mai gudun mita 5 ƙarfi da kusan kashi 73 cikin 100. Ke nan kuskuren mita ɗaya a awo ya isa ya mai da aikin riba ya zama na asara. Sannan ba farfelar da za ta iya kwashe dukan ƙarfin. Albert Betz, ɗalibin Prandtl, ya nuna tun 1920 cewa iyakar abin da za a iya samu kashi 59 ne cikin 100, domin in ka tsayar da iska cak, wadda ke biye ba ta da hanyar wucewa.

Tsawon sandunan, mita 55, shi ma daga ƙa'idar Prandtl ya fito. Doron ƙasa shi ma bango ne, iska na manne da shi, bishiyoyi da gidaje na rage mata gudu. A fili shimfiɗaɗɗe, iskar da ke mita 55 takan fi ta mita 10 gudu da kusan kwata, wanda a lissafin ƙarfi ninki biyu ne.

Akwai kuma abubuwa biyu da ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da suka fi amfani da waɗannan injuna. Na farko zafi. A bakin teku, a digiri 15, iska mai cika akwatin da ke da mita ɗaya ta kowane gefe tana da nauyin kilo 1.225. Ƙasar Katsina tana bisa teku da wajen mita 500, kuma a bazara zafi na kai wa digiri 40. A irin wannan rana iska ta fi sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100, ƙarfinta ma ya ragu da gwargwadon haka, ko da gudun bai canja ba. Na biyu ƙura. Hunturu na taso mana daga arewa maso gabas, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, kuma yawancin hazonsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi busasshiyar laka ta tsohon tafki. In ƙura ta daskare a goshin fiffike, ko rairayi ya kankare shi, shimfiɗar gefen ta hargitse tun da wuri, fiffiken ya rage ja. Lokacin da iska ta fi kaɗawa a kai a kai, shi ne kuma lokacin da ta fi datti.

Yadda kwano ke tashi

Mutumin Kusada ba ya bukatar zuwa Lambar Rimi kafin ya san ƙarfin iska. Duk farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas, kafin ɗigon farko sai guguwa ta riga shi isowa. Ruwan da ke zuba a cikin gajimare ne ke jawo iska mai sanyi ƙasa, ta bugi ƙasa ta bazu gaba da ƙarfi, tana tura jan bango na ƙura. Washegari sai a ji an kwana ana neman kwanon makaranta a gonar wani.

Mutane kan ce iska ta shiga ƙarƙashin rufi ta ɗaga shi. Wannan rabin gaskiya ne. Babban abin daga sama yake. In iska ta bugi bango ta hau, ba ta iya karya kwana a bakin rufin, sai ta yi tsalle ta bar gurbi a bayanta, inda nauyin iska ya yi ƙasa. Rufin tsotso shi ake yi daga sama, kuma tsotson ya fi tsanani a kusurwa da gefen da iska ta fara tararwa. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana iya jan kowace murabba'in mita ta rufi da ƙarfin da ya kai wajen kilo 50. Aji mai rufin murabba'in mita 50 ke nan ana jan sa sama da nauyin tan biyu da rabi. In aka yi rashin sa'a ƙofa ko taga ta ɓalle ta gefen iskar, ɗakin ya kumbura daga ciki, turi ya haɗu da tsotso. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma kwanon da aka kafa da ƙusa jefi-jefi a kan siririn katako bai fi kayan kara ba.

Wanda ya fahimci haka ya san inda zai sa kuɗinsa. Kafinta ya yawaita ƙusa a gefe da kusurwa maimakon ya raba daidai. A ɗaure katako da langalanga ko rodi har cikin ginin. A rage tsawon baki mai leƙowa waje. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara ɗaya jure wa guguwa. Maginan gargajiya da ke kewaye soro da rawani sun riga sun kare bakin rufinsu, kuma nauyin ƙasa da azara ba abin da iska za ta tsotsa ba ne. Da muka koma kwano, mun ɗauki sauƙinsa mun bar wannan kariya.

Shingen da ke barin iska ta wuce

Guguwar nan dai ita ce ke cin manomi. Ralph Bagnold, wani sojan Ingila da ya yi yawo a hamadar Libiya, ya nuna a littafinsa na 1941 cewa rairayi ba tashi sama yake yi kamar ƙura ba. Tsalle yake yi kusa da ƙasa, kowace ƙwaya in ta faɗo ta tayar da wasu, kuma yawan abin da ke tafiya na hawa da gudun iska kamar yadda ƙarfin farfela ke hawa. A jigawa, inda aka share gona tas, tsiron gero na kwana goma yana tsaye daidai inda wannan rairayi ke wucewa. Ya kakkarce ganyen, ko ya binne shi, a dawo ana sake shuka.

Tun da haka ne, rage gudun iska kaɗan a kusa da ƙasa na rage ɓarnar da yawa. Abin da gwaji ya nuna kuma ya saɓa wa zato: shingen da ya toshe ƙam bai kai mai 'yan kafofi amfani ba. Toshasshe yana sa iska ta yi tsalle ta faɗo a bayansa a hargitse. Wanda ke barin kusan rabin iskar ta ratsa a hankali yana kare fili mai tsawon ninki goma zuwa ashirin na tsayinsa. Layin bedi mai tsayin mita 10 na iya kare mita 100 ko fiye. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 ƙungiyar CARE da manoma suka riƙa dasa bedi layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakani, kuma wurin ya zama abin misali a duk yankin Sahel. A Katsina ma an yi aikin dashen itatuwa da tallafin ƙasashen Turai daga ƙarshen shekarun 1980. Sai dai shinge na da sharaɗi: in awaki suka cinye ƙasansa, ko aka sare bishiya ɗaya a tsakiya, iska ta matso ta wannan kafa da gudun da ya fi na fili. Ko barin karan dawa a kwance a gona, maimakon kwashe shi duka, yana karya tsallen rairayi.

Aikin da ya rage

Ƙa'idojin nan duk an gama gano su, wasu tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ba za a iya sayowa daga Turai ba shi ne awon iskar wurinmu. Dogayen bayanan da ake da su yawanci daga tashoshin yanayi na filayen jirgi suke, irin na Katsina da Kano da Sakkwato, a tsayin mita 10. Ba su isa su faɗi abin da ke faruwa a mita 55 a kan wani tudu ba, balle ƙarfin bugu ɗaya na daƙiƙa uku da ke yaye rufin asibiti.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntawa, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a maƙwabtaka, ga Zariya da Kano da tsofaffin sassan injiniyansu. Kwamfutar da ke cikin jakar ɗalibi a yau ta fi wadda Sambo ya yi lissafinsa da ita nesa ba kusa ba. Ma'aunin iska a kan sandar sadarwa a Kankia, wani a Kusada, wani a Ingawa, a bar su shekara uku ana karantawa. Ɗalibi ɗaya ya bi rufin da guguwa ta yaye yana rubuta inda kowanne ya fara ɓallewa. Wani ya auna gudun iska gaba da bayan layin bedi a gonar gero. Daga irin wannan ne za a samu ƙa'idar da za a miƙa wa kafintan da ke rufe makarantun ƙaramar hukuma, da lissafin da za a ɗora a gaban duk wanda ya zo da shawarar kafa wasu farfelu. Sharaɗin kawai shi ne, wanda ya iya wannan awo a ba shi kayan aiki da albashin da zai riƙe shi a kansa shekara ashirin, kada ranar da ya fara yin suna a ɗauke shi a kai shi ofis.